Anka da Bankok: Darasi Daga Birane Biyu da Suka Gaji Kufai

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma tarihin Zamfara ya kusa zama abin ji kawai, domin abin da za a gani yana ta zagwanyewa damina bayan damina.

A shekarar 1767 rundunar Bama ta ƙone Ayutaya, babban birnin ƙasar da ake kira Tailan a yau. Bayan shekara 15, wato a 1782, Sarki Rama na Ɗaya ya kafa gadon sarautarsa a Bankok, ya gina fada da ɗakunan ibada waɗanda baƙi ke tururuwar gani har gobe. Shi kuwa kufan Ayutaya ba a bar shi ya zama gona ba. An tsare shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991.

Abin lura shi ne, kusan a wannan zamani ne irin wannan ƙaddara ta auka wa Zamfarawa. A wajajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya mai da Alƙalawa mazauninsa. Sarakunan Zamfara suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har daga bisani suka tabbata a Anka cikin ƙarni na 19. Dalili ke nan da ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka. Ashe ke nan Anka, tamkar Bankok, magajiyar rusasshen birni ce. Bambancin kawai, can an adana, nan an yi sakaci.

Wanda ya bi Gulbin Zamfara daga Anka ya yi yamma zuwa Bukkuyum da Gummi, zai iske kowace masarauta da nata labarin. Sarautar Sarkin Dankon Bukkuyum da ta Sarkin Mafaran Gummi, kowace sunanta kaɗai ya isa bincike. Amma baƙo ba ya sanin wannan. Abin da duniya ta sani game da yankin shi ne gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, sai kuma ta'asar 'yan bindiga.

Wani zai ce ai gine-ginen Bankok na masu addinin Buda ne, Musulmi ba shi da abin koyi a ciki. Wannan magana ta kauce hanya. Ba bautarsu ake so a kwaikwaya ba, kulawarsu ake nufi. Fada da tsohon masallaci da gurbin ganuwa ba gumaka ba ne, shaidu ne. Wani kuma zai ce a bari sai tsaro ya samu. To, ginin ƙasa ba ya jiran sulhu, haka nan dattijon da ya haddace jerin sarakuna. In ƙauye ya watse, kirarinsa da sunayen unguwanninsa sukan watse tare da shi.

Saboda haka nauyin yana wuyan sassan Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Akwai ɗalibai 'yan asalin garuruwan nan da ke zuwa gida kowane hutu, ba sai an jefa wani cikin hatsari ba. A ba kowannensu aikin da ya dace da kundin digirinsa: wannan ya ɗauki maganar makaɗan fada da wayarsa, wancan ya ɗauki hoton soraye, wani ya rubuta sunayen ƙofofi da asalinsu. Malamai su tanadi wurin ajiya a sashe, a kuma mai wa fadar kowane gari da kofe.

Ba a ce Anka ta zama Bankok ba. Abin da ake roƙo shi ne, ran da hanya ta buɗe, baƙon da ya zo ya tarar da abin da za a nuna masa, da kuma wanda ya san bayaninsa.