RA'AYINMU: Kashi Talatin Ɗin Nan Namu Ne

A watan Disamba na shekarar 2022 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS, wadda ta maye gurbin wadda ake bi tun 2007. A cikinta aka ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai cin gashin kansa, da digirori daban-daban kamar kimiyyar kwamfuta, da ƙirar manhajar kwamfuta, da tsaron intanet, da kimiyyar bayanai. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne rabon da aka yi: hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussan kowane digiri, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da jama'arta. To, mu ɗaliban Kano muna da magana a kan wannan kashi talatin.

Ba mu da ja game da kashi saba'in. Lissafi, da tsarin ajiye bayanai, da algoridim, wato matakan da na'ura ke bi ta warware matsala, su ne harsashin ginin. Waɗanda suka riga mu sun koyi Fortran da COBOL da Pascal, mu kuwa Python da Java muke fama da su, kuma babu shakka ƙannenmu za su tarar da wasu. Harsunan na'ura suna zuwa suna wucewa, harsashin yana nan. Duk ɗalibin da ke neman a rage masa lissafi don ya yi saurin kama sana'a, kansa yake cuta.

Abin da muke tsoro shi ne a cika ragowar da darussan da aka kwafo daga littattafan Amurka da Ingila, sa'an nan ɗalibi ya rufe shekara huɗu da aikin bincike irin wanda ɗaruruwa suka yi kafinsa, a ɗaure shi da baƙin bango a jibge a kabad. Alhali kuwa ga Fagge da Sabon Gari nan kusa da mu, cike da tambayoyin da ke jiran mai amsawa.

Mu ɗauki Kantin Kwari. Ɗan kasuwa yakan ba abokin cinikinsa na Maraɗi ko Damagaram dilar atamfa bashi, a rubuta a littafi, wani ya biya da naira, wani da sefa, canji kuwa yana hawa yana sauka. Manhajar da za ta riƙe wannan lissafi dole ta yi aiki a ƙaramar waya, ko da wuta ko babu, ko da sabis ko babu. Yaron shago ya shigar da ciniki a nan, maigida ya shigar da nasa a can, in sabis ya dawo lissafin biyu su haɗu ba tare da ɗaya ya goge ɗaya ba. Wanda ya karanci yadda kwamfutoci da yawa ke daidaita bayani a tsakaninsu ya san wannan tana daga cikin matsaloli masu wuya a fannin nan. Ga ta kuwa a bakin ƙofarmu.

Haka kuma gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Kowa ya san wuta ba ta barin takarda, kuma shagon da littafin bashinsa ya ƙone ya yi asara sau biyu. Wane darasi ne a kan ajiye kwafin bayanai a wuri na biyu zai fi wannan shiga kunne? A farkon 2023 kuma, lokacin da canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, mun ga yadda ciniki ya koma tiransifa da na'urar POS, kuɗi ya fita daga asusun mai saye bai isa ga mai sayarwa ba, mutane suna tsaye cirko-cirko. Ya kamata mai digirin kwamfuta ya iya bayyana inda kuɗin ya maƙale da dalilin maƙalewarsa.

Ga kuma harshenmu. Manhajar da ba ta san cewa Ɗanladi da Danladi mutum ɗaya ne ba, ko ta mai da ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya, ba ta yi wa Bahaushe aiki ba. Wa muke jira ya gyara mana wannan? Ai da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, a sa darasi guda a aji uku wanda za a tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna da ɗan kasuwa ko asibiti ko makaranta, su ji bukatarsa da Hausa, su gina masa abin da zai yi amfani da shi. Na biyu, a auna ɗalibi a gaban na'ura, domin shirin da aka rubuta da biro a takardar jarrabawa ba wanda ya san ko zai tashi. Na uku, watannin koyon aiki na SIWES su zama na aiki, ko da a wurin masu gyaran waya da kwamfuta na titin Beirut ne, maimakon zaman ɗumama kujera a ofis ana jiran sa hannu.

Ga yayyenmu ma'aikatan gwamnati kuwa, ku buɗe wa ɗalibai ƙofa. Rajistar da kuke wahalar nema cikin tarin fayil tana iya zama aikin binciken wani. Mu kuma ɗalibai, kada mu jira sai an rubuta mana a manhaja. Tun ran gini ake zane, wanda bai taɓa gina abin da wani ya yi amfani da shi ba tun yana makaranta, zai sha wuya ranar da aka ce ya nuna abin da ya iya.

Muna fata shugabannin tsangayoyi za su kira wakilan ɗalibai duk lokacin da za a sake duba wannan kashi talatin. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.