Lafiyar Iyali: Kada Mu Yi Sakaci da Harara-garke

A wannan fitowa za mu yi magana a kan karkacewar ido, wato harara-garke, wanda maƙwabtanmu Larabawa suke kira hawal. A ƙauyukanmu na Rusairis, har zuwa Mai Wurno, idan uwa ta nuna damuwa a kan idon jaririnta, akan ce mata: "Bar shi, zai miƙe in ya girma." Wannan magana ta jawo wa yara da yawa asarar ganin ido ɗaya.

Kowane ido yana da tsoka 6 da suke juya shi. Idan idanun biyu ba su fuskanci wuri guda ba, ƙwaƙwalwa takan karɓi hoto biyu, sai ta yi watsi da na karkataccen idon. A hankali idon ya raunana, ko da yake ƙwayarsa lafiya lau take. Masana biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna haka a kan 'ya'yan kyanwa: idon da aka rufe musu tun suna ƙanana bai koyi gani ba bayan an buɗe shi. A 1981 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Shi ya sa likitoci suke son a fara magani kafin yaro ya kai shekara 7, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idon jariri kan yi yawo jefi-jefi a watannin farko. Amma idan karkacewar ba ta gushewa ko kaɗan, ko ta wuce wata 4, to a kai shi asibiti. Da dare a haska tocila daga nesa kaɗan: ɗigon haske ya kamata ya faɗa wuri iri ɗaya a idanun biyu. A lura kuma da yaron da yake karkata kai ko runtse ido ɗaya a rana. Idan aka ga fari a tsakiyar baƙin ido, kada a kwana, domin yana iya zama yana ko kansar ido.

Maganin yakan kasance tabarau, ko rufe lafiyayyen idon na wasu awoyi kullum don mai raunin ya yi aiki, wani lokaci kuma tiyata. Kwalli ba ya miƙar da ido.

Mun sani yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya wahalar da tafiya Hartum da Wad Madani. Sai dai Damazin tsallaken kogi ne kawai; a fara da likitan can. Malaman allo kuma su tsawata wa masu tsokanar irin waɗannan yara, su sanar da iyayensu abin da suka gani.

Allah Ya ba zuriyarmu lafiya, amin.