Wa Zai Ciyar Da Matafiyi Musulmi?

Ya 'yan'uwa, tun bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000, Hisba ta sha farfasa kwalaben giya, amma baƙon da ya sauka tasha da dare yana shan wahala kafin ya sami masauki mai tsarki. Mun daɗe muna wa'azi kan otal-otal na baɗala, ba mu gina namu ba. Samarinmu kuwa suna jin kunyar sayar da tuwo, wai sana'ar mata ce. Ina hujjar wannan kunya a Alƙur'ani ko Sunna?

Muna kira ga attajiranmu su bai wa matasa jari bisa ƙiradi, a raba riba, maimakon bashi da ruwa. A buɗe gidajen abinci da yankan halal, da wurin mata daban, a biya masu wanke-wanke haƙƙinsu kan lokaci, a rufe idan an kira sallar Juma'a.