Kimiyya a Bakin Titi: Me Ya Sa Adaidaita Sahu Ba Shi Da Ƙofa?

 A wannan mako za mu duba abin da da yawanku ke shiga safe da yamma, wato babur mai ƙafa uku, wanda a Kano ake kira Adaidaita Sahu, a wasu garuruwa kuma Keke NAPEP. Duk wanda ruwan sama ya taɓa jiƙa masa kayan makaranta a cikinsa, ko ƙurar hunturu ta cika masa ido, ya taɓa tambayar kansa: wai me ya hana masu ƙera shi su sa masa ƙofa kamar mota? Amsar tana cikin darasin kimiyyar da kuke yi a aji.

Bari mu fara da asalinsa a taƙaice. A shekarar 1948 kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fito da wani ƙaramin babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, aka sa masa suna Ape, wato ƙudan zuma. A Indiya aka mayar da irinsa abin ɗaukar fasinja, kuma daga can ne yawancin waɗanda muke gani suke zuwa, ƙirar Bajaj da TVS. A Legas an san shi da Keke Marwa tun zamanin da Buba Marwa ke mulkin jihar, daga 1996 zuwa 1999. Sunan NAPEP ya samo asali ne daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Obasanjo na 2001, shi kuwa Adaidaita Sahu daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013, sai ya zama shi ne ƙafar talaka. A Sudan ana ce masa raksha, a Tailan kuma tuktuk, kuma a can ma galibi gefensa a buɗe yake.

Dalili na farko shi ne nauyi. Injin Adaidaita bai wuce cc 200 ba ko kusa da haka, alhali ƙaramar mota tana da cc 1,000 zuwa sama. Wannan ɗan injin shi zai ja gangar jiki da direba da fasinja da kayansu. To mu yi lissafi. Falle ɗaya na ƙarfe mai faɗin murabba’in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya yana da nauyin kilo 7.85. Idan aka haɗa da firam da gilashi da makulli, a ce ƙofa ɗaya ta kai kilo 15. Ƙofa huɗu sun zama kilo 60, kusan nauyin babban mutum ke nan. Ka ga direba ya ɗauki fasinjan da ba ya biya, ba ya kuma sauka. Mai zai ƙara ƙonewa, birki zai ƙara wahala, kuɗin sayen babur ɗin ma zai ƙaru.

Dalili na biyu shi ne zafi. Adaidaita ba shi da na’urar sanyaya wuri, iskar da ke ratsawa ta gefe ita ce fankarsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwanmu, rufaffen akwati na ƙarfe da gilashi zai zama tanda. Na uku kuwa saurin shiga da fita, domin a zirga-zirgar gari ɗan Adaidaita yana tsayawa sau da yawa a tafiya ɗaya.

Ba wai ba a taɓa yin mai ƙafa uku da ƙofa ba. A Ingila an yi wata mota mai suna Reliant Robin, wadda aka fara sayarwa a 1973, tana da ƙofofi da gilasai. Amma lura da dabararsu: ba su yi gangar jikinta da ƙarfe ba, da faiba suka yi don rage nauyi, kuma ƙasarsu ta sanyi ce.

Yanzu mu dubi abin da masu walda da masu ɗinkin rufi suke yi a nan gida. Kowace dabara tana maganin matsala ɗaya, tana kuma kawo wata.

Akwai labulen tamfol, wanda ake naɗewa a sama, a sauke shi idan hadari ya taso. Shi ne mafi araha, ba shi da nauyi, yana tare ruwa da ƙura. Matsalarsa yana rufe gani. Direba ba ya ganin abin da ke gefensa, na waje kuma ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki. Don haka wasu ke sa masa tagar leda mai garai-garai. Ita ma rana tana cinye ta, ta koma ruwan ɗorawa, ta tsage. Kuma idan ana ruwa, numfashin fasinjoji yana haɗuwa da sanyin ledar da gilashin gaba ya zama raɓa, gani ya dushe.

Akwai sandar ƙarfe ko rabin ƙofa. Wannan ba ta hana ruwa, amma tana hana yaro faɗowa, tana kuma hana fasinja sauka ta ɓangaren da motoci ke wucewa. A nan akwai abin lura. A Indiya ana tuƙi ta hannun hagu, saboda haka gefen hatsari a can shi ne dama. Nijeriya kuwa ta koma tuƙin hannun dama tun 1972, kamar yadda ake yi a Nijar. A wurinmu gefen hagu shi ne na cikin titi, shi ya kamata a toshe, a bar dama a buɗe wajen bakin hanya.

Akwai raga, ta ƙarfe ko ta roba. Iska tana wucewa, ana gani, kuma tana hana mai fizgar waya miƙo hannu. Amma ba ruwanta da ruwan sama, ƙura ma tana ratsa ta. Sai kuma cikakkiyar ƙofa ta faiba ko alminiyam mai taga. Ita ce ta fi kyau a ido, ta fi tsada, kuma idan makullinta ya maƙale lokacin hatsari, ta zama kurkuku.

Abubuwa biyu ne na fi so ku riƙe, domin su ne suka shafi rai.

Na farko iska. Mota tana tsaye a kan murabba’i, tayoyi huɗu a kusurwa huɗu. Adaidaita yana tsaye a kan alwatika, tsininta a gaba. Muddin tsakiyar nauyinsa tana cikin wannan alwatika, yana nan daram. Da zarar wani ƙarfi ya tura shi har tsakiyar nauyin ta tsallake layin da ya haɗa tayar gaba da ta baya, sai kifewa. Idan gefe a buɗe yake, iska mai zuwa daga gefe tana shiga ta nan ta fita ta can. Idan aka sauke tamfol duka biyu, ba ta da mafita, sai ta tura babur ɗin gaba ɗaya. Ƙarfin turawar kuma ba daidai da gudun iskar yake ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka huɗu. A ce faɗin gefen da aka rufe murabba’in mita 3 ne. Iska mai gudun kilomita 36 a awa za ta tura shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin kilo 18 ko kusa. Idan ta kai kilomita 72, irin guguwar da ke gaban ruwan farkon damina, turawar ta haura kilo 70. Haɗa wannan da kwana da gudu, da jiƙaƙƙen titi, da fasinjan da ya raɓa a gefen direba, inda babu taya a ƙarƙashinsa. Shi ya sa direba mai hankali yake rage gudu idan ya sauke labule, ko ya sami mafaka ya tsaya har guguwar ta wuce.

Na biyu hayaƙi. A yawancin Adaidaita injin yana baya, a ƙarƙashin kujerar fasinja. Injin fetur yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jiki ya rasa iskar da yake buƙata. Ita ce ke kashe mutane idan suka kwana da janareta a ɗaki. Idan salansa ta fashe, ko akwai huda a ƙarƙashin kujera, aka kuma rufe labule ruf a cikin cunkoso, hayaƙin zai taru a inda kuke zaune. Alamominsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci. Duk wanda ya ji haka, ya ɗage labule nan take, ya ce a tsaya ya sauka. Ƙa’idar ita ce kada a taɓa rufewa duka, a bar kafa a sama ko a gefen da ruwa ba ya bugowa.

Ga abin da ya rataya a wuyanku a matsayinku na fasinjoji. Ku sauka ta hannun dama. Ku sa ƙannenku a tsakiya, babba ya zauna a baki. ’Yan mata ku tattara hijabi da mayafi a cinya, kada ya lilo waje kusa da taya. Jakar littattafai a kan ƙafa, waya a aljihu, hannu da kai a ciki. Idan ba ruwa ba ƙura amma kuka ga Adaidaita a rufe ruf, ba ku ganin waɗanda ke ciki, ku haƙura ku jira wani, musamman idan magariba ta yi. Gaggawa ba ta kai lafiya ba. Kuma ba rashin kunya ba ne ɗalibi ya ce, “Malam direba, don Allah a ɗan ɗage labulen.”

Wannan fage ne da ke jiran masu basira. Har yanzu abin da ake buƙata shi ne rufi marar nauyi, mai araha, wanda zai tare ruwa ya bar iska ta wuce, ya bari a gani, ya kuma buɗe da hannu ɗaya idan an shiga hatsari. Ku dubi tagar luba ta ajinku, yadda gilasanta ke karkace suna zubar da ruwa waje amma iska na shiga. Ko za a iya yin irinta da roba? Ɗaliban makarantun fasaha, wannan naku ne.

Aikin wannan mako: ku sami kwalin sabulu guda biyu iri ɗaya. Ku yanke manyan tagogi a gefe biyu na ɗaya, ku bar ɗayan a rufe. Ku ɗora kowanne a kan murafan kwalba uku, ɗaya a gaba biyu a baya, sannan ku yi musu fifita daga gefe da murfin tukunya, daga nisa ɗaya. Wanne ya fara faɗuwa? Ku sake gwadawa bayan kun sa ɗan dutse a ƙasan kwalin, sannan ku manna dutsen a samansa. Ku rubuta abin da kuka gani, ku zana ƙofar da kuke ganin ta dace da garinku, ku aiko mana tare da sunan makarantarku da ajinku. Zanen da ya fi ma’ana zai fito a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya kiyaye hanya.