Kafin Ka Kai Ɗan Kare Gidan Bene

Wani yayi ya shigo manyan garuruwanmu, watau ajiye ƙananan karnuka masu gashi buzu-buzu a gidajen bene, inda iyalai da yawa ke zaune hawa bisa hawa. Yaro zai ga hotonsu a waya, ya tasa iyayensa gaba da roƙo, hujjarsa kuwa ɗaya ce tak: wai ɗan mitsitsi ne, ba zai ci wuri ba. Ni a ganina wannan hujja ba ta isa ba.

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya san kare, amma kare mai aiki: na farauta, na kiwo, na gadin gona. Waɗannan ne ma malamanmu suka ce an yarda a ajiye kare dominsu, saboda haka mai shakka ya fara tuntuɓar malaminsa. Irin wannan kare yana da fili, yana da inuwa, yana da inda zai zagaya. Gidan bene kuwa ba shi da tsakar gida, daga ɗaki sai matakala.

Abu na farko, ƙanƙantar jiki ba ita ce sanyin hali ba. Akwai wani ɗan kare da ake kira Jack Russell, wanda Turawan Ingila suka raina domin farautar yanyawa. In ka kulle shi a ɗaki wuni guda, kujerunka ne za su gaya maka. Lhasa Apso kuma, wanda ake yawan gani a wajen masu sayarwa, asalinsa mai gadi ne a ƙasar Tibet, motsi kaɗan zai ji ya kama haushi. Ga shi ya fito daga ƙasar sanyi da gashi har ƙasa, alhali a Kano ko Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Kare kuwa ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. In aka ɗauke wuta a hawa na uku da tsakar rana, azaba ce ba ƙarama ba.

Na biyu, ƙananan karnuka suna da tsawon rai, da yawansu sukan kai shekara 12 zuwa 15. Ashe ke nan ɗan aji ɗaya da ya karɓi ɗan kwikwiyo bana, zai gama sakandare, ya gama jami'a, karen na nan. A duk tsawon wannan lokaci sai an sauko da shi safe da yamma ya miƙe ƙafa, ya yi bayan gida, a kuma kwashe. To, mu da muke makarantar kwana, wa muka bar wa wannan aiki? Iyayenmu mata, waɗanda ba su suka ce a kawo shi ba.

Na uku, kuma mafi girma, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tashi. Amma tun 1885 Louis Pasteur na ƙasar Faransa ya yi nasarar allurarsa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin ta karnuka. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. In kuwa kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar. A gidan da yara ashirin ke wasa a matakala ɗaya, rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, haƙƙin maƙwabci. Bango ɗaya ya raba ku da mai jinya, ko mai jariri, ko wanda ba ya son kare ya taɓa masa tufafin salla. Kafin a kawo shi, ya kamata a nemi yardar mai gidan haya, a kuma shawarci na sama da na ƙasa.

A birnin Landan akwai gidan karnuka marasa galihu na Battersea, wanda tarihinsa ya faro tun 1860. Ba sa miƙa wa mutum kare sai sun tambaye shi irin gidan da yake zaune da lokacin da yake da shi. Mu da ba mai yi mana wannan tambaya, sai mu yi wa kanmu.

Ban ce kare ba ya zama lafiya a bene ba. Wanda ke da lokaci, da kuɗin abinci da allura, da yardar maƙwabta, ya nemi babba wanda aka riga aka san halinsa, ya riƙe shi amana. Wanda bai da su kuwa ya haƙura, domin kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.