Madagaskar: Ruwa a Gabas, Yunwa a Kudu

Abin kunya ne a ce mun haddace kogunan Ingila, amma in aka tambaye mu Madagaskar sai mu yi tsuru-tsuru. Alhali kuwa tsibirin Afirka ne, na huɗu a girma a duniya, mai murabba'in kilomita kusan 587,000.

Tsaunuka sun ratsa shi daga arewa zuwa kudu. Iskar tekun Indiya takan ɗauko danshi, ta yi karo da su, ta juye ruwanta a gabas, inda Toamasina, babbar tashar jiragen ruwa, take shan ruwan sama kusan duk shekara. Antananarivo, babban birnin ƙasar, yana kan tudu cikin sanyi da fadamun shinkafa. Kafin iskar ta kai Toliara, a kudu maso yamma, ta riga ta bushe. Sai kuka da ƙaya. A 2021 fari ya jefa mutanen kudu fiye da miliyan ɗaya cikin yunwa.

Mu a ganinmu, ba fari kaɗai za a zarga ba. Ruwa na Allah ne, amma hanya da rijiya da rumbu aikin hukuma ne. Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960. Ashe shekara 61 ba su isa a shimfiɗa hanyar kai abinci kudu ba?

'Yan'uwa, gobe mu ne a ofisoshin gwamnati. Ma'aikacin da bai san taswirar ƙasarsa ba, garin da ke kusa da kujerarsa kaɗai zai tuna ranar rabon kuɗi. Tun ran gini ran zane.