Wata guda a ƙasar waje da jakar goyo: a bar Turai tukuna, a nufi Gwanja

Jama'a, kwanan nan maganar yawon buɗe ido ta yi yawa a tsakanin matasanmu. Kowa ya ga bidiyon wani Bature ko ɗan Indiya ya goya jaka ya zagaye ƙasashe goma, sai ya ce shi ma bana sai ya fita. Abu ne mai kyau, ni ina goyon baya. Inda muke rabuwa shi ne inda ake nufa. Da ka tambayi mutum ina za shi, sai ka ji Faransa, Italiya, Turkiyya, Dubai. Ka tambaye shi nawa ya tara, sai ka ji abin da ko tikitin zuwa ba zai saya ba.

Ra'ayina a taƙaice: mai ƙaramin ƙarfi da ke son ya yi wata guda cur a waje, shi kaɗai, da jakarsa a baya, ya bi gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta mota. Legas, Kwatano, Lome, Akra, Kumasi, Tamale. Ya tafi a hankali, kuma ya lissafa kuɗinsa da kwanaki, ba da yawan ƙasashen da zai yi fahariya da su ba.

Mu fara da maganar biza, don nan ne kuɗin mutane ke narkewa tun ba su bar gida ba. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar Shengen ta Turai ya koma yuro 90, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu, ban da inshora, ban da zirga-zirgar Abuja ko Legas. Idan aka hana ka, ba a mayar da ko sisi. Kuma a shekarun nan sama da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu nema hana su ake yi. Yanzu ka duba kanka: matashi, ba aure, ba wani tsayayyen albashi, asusun banki ba nauyi, fasfo fes ba tambarin ko'ina, ka ce za ka yi wata guda kana yawo. Wallahi kai ne ainihin hoton wanda ake hanawa.

A ɗaya ɓangaren, tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga ɗaya ya zauna har kwana 90 ba biza. Fasfonka kawai da katin rigakafin cutar shawara, wato yalo kad. Fasfon ma ba arha ba ne yanzu, tun Satumbar 2025 mai shafi 32 ya koma naira dubu 100, amma dai kuɗi ne da ka san abin da ka saya da su, shekara biyar kana mora. Yalo kad ɗin kuma don Allah a je a yi allurar a karɓi na gaskiya. Masu sayen na bogi a tasha su ne ake tsarewa a kan iyaka a tatse, ga shi kuma ba su da rigakafin.

Wani zai ce me ya sa sai an sauka Legas, alhali tsohuwar hanyar kakanninmu ta Yamai da Wagadugu ce? Gaskiya ne, nan ce hanyar fatake. Amma yanayi ya canza. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma ko ba maganar takardu, hanyoyin gabashin Burkina ba na ɗan yawon buɗe ido ba ne a yanzu. Haka arewacin Benin wajen dajin W da Penjari, haka lardin Savanes na arewacin Togo da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022, haka Bawku a can kusurwar Gana. Duk a tsallake su. Hoton Facebook bai kai ran mutum ba.

Abin mamaki, yankin da ya fi cin kuɗi da fargaba a duk tafiyar shi ne na cikin gida, daga Kano ko Kaduna ko Sakkwato zuwa Legas. Kilomita wajen dubu. Wanda zai iya ya sayi tikitin jirgi tun da wuri ya huta. Wanda ba zai iya ba ya raba tafiyar biyu ya bi da rana, ya haƙura da motar dare ko da ta fi sauƙi.

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku za ka tsallaka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Akwai manyan bas da ke tashi daga Jibowu su kai ka Akra kai tsaye, su ne ma ke karɓar fasfo su kai a buga. Ga mai zuwa biki ko kasuwa ya yi. Ga mai yawon wata guda asara ce, don zai wuce ƙasa biyu ta taga. Gara ka hau ƙananan motoci daga Mile 2 zuwa Seme, ka tsallaka da ƙafarka, ka hau wata zuwa Kwatano.

Maganar kan iyaka kuwa sai an yi ta ba ɓoye-ɓoye. A takarda shiga kyauta ce. A zahiri duk mai bin hanyar nan zai gaya maka ana neman na goro, kuma an fi matsa wa mai sabon fasfo da ba a taɓa buga wa tambari ba. Ba zan ce ka tsaya kana karanto musu yarjejeniyar 1979 motarka ta tafi ta bar ka ba, ba kuma zan ce ka zaro damin kuɗi a gaban kowa ba. Ka ware 'yan canji a aljihu daban, ka isa da safe, ka yi gaisuwa, kada ka miƙa fasfonka ga wanda ba ya cikin kaki ko bayan kanta. 'Yan kamasho sun fi jami'ai yawa a wurin. Kuma komai runtsi ka tabbata an buga maka tambarin fita da na shiga, ka duba kwana nawa aka rubuta. Masu ce maka "zo mu bi ta baya a babur, ba sai an buga ba" matsala suke sayar maka, za ka biya ta a iyaka ta gaba. Sannan saƙon wani, ko ƙulli ne ko ƙaramin kwali, ko da mai shi ya yi kama da liman, kada ka karɓa.

Yanzu kuɗi. Benin da Togo sefa suke ci, ita kuma sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Ma'ana tun da aka saki naira a Yunin 2023, Kwatano da muke rainawa ta daina zama wurin arha ga mai naira. Wannan ya sa nake ganin kada a daɗe a can: kwana biyar a Benin, huɗu a Togo, ragowar a Gana, a bar kwana uku ko huɗu na zuwa da dawowa. Ka sayi sefarka tun daga Wapa ko wurin ɗan canjin da ka sani, ka riƙe 'yan daloli da za ka canza zuwa sidi a Gana. Katin banki na naira wasu bankuna sun dawo da amfani da shi a waje, amma da iyaka, kuma ranar da ka fi buƙatarsa ranar zai ƙi. Ka ɗauke shi a matsayin taya ta safaya.

Yadda nake ganin ya kamata a yi lissafi: ka fara cire kuɗin komawa gida gaba ɗaya, tun daga Tamale har ƙofar gidanku, ka naɗe su ka manta da su. Ka sake cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage saboda ciwo ko sata ko motar da ta lalace. Abin da ya saura ka raba shi talatin. Wannan adadin shi ne kai a kullum, da kwana da ci da mota. Idan ka duba ka ga ba zai biya ɗaki mai fanka da abinci sau biyu ba, to tafiyarka ta sati biyu ce, ka yi sati biyun da mutunci. Abin da ke cinye kuɗin matafiyi shi ne yawan tashi. Duk ranar da ka sauya gari ka biya mota, ka biya ɗan acaba da bai san ka ba ya ninka maka, ka kama ɗakin da ka fara gani saboda gajiya. Kwana huɗu a gari ɗaya ya fi arha a kan gari huɗu a kwana huɗu, kuma a rana ta uku ne mai shayi ke fara gaya maka inda ake samun abu da sauƙi.

A Benin ka zauna Kwatano, ka shiga kasuwa ka ɓata, ka hau zemijan masu rigar ɗorawa. Ka ware yini guda ka je Wida ka ga hanyar da aka bi da bayi zuwa bakin teku, wani yinin ka shiga kwalekwale zuwa Ganvie, garin da aka gina a kan tafki. A Togo, Lome tana manne da iyakar Gana, da ƙafa ma kana iya tsallakawa; in kana son sanyi da duwatsu ka hau zuwa Kpalime. Faransanci zai ɗan wahalar da kai, ka koyi ƙirga da gaisuwa kafin ka tashi.

Amma Gana ce zuciyar tafiyar, kuma a nan ne Bahaushe yake da abin da Baturen bidiyon can ba shi da shi. Kusan kowane babban gari akwai zango, kuma Hausa ce harshen zango. Ka sauka Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akra, ko Aboabo a Kumasi, za ka yi ciniki da Hausa, ka yi sallah a jam'i, ka ci abincin da ba ka da shakka a kansa. Hausar tasu daban take, sun jefar da bambancin namiji da mace a wurare da yawa, kada ka yi dariya, su ma taka baƙuwa ce a kunnensu. Karin kumallon da duk Gana ke ci sunansa Hausa koko da kose. Wace ɗin da suke alfahari da shi daga shinkafa da wake ya samo suna. Tuwon zafi kuwa ko sunan ba su canza ba. Ka je babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, ka ga irin girman da Musulmi da Kirista ke ba Sheikh Usman Nuhu Sharubutu.

Daga Akra ka yi yamma zuwa Cape Coast da Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwa tun 1482. Baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa, ka sa a lissafi, amma kada ka tsallake. Sai Kumasi, kasuwar Kejetiya da fadar Manhyia. Sai Tamale, daga nan ka leƙa tsohon masallacin Larabanga da gandun dajin Mole inda ake zuwa kallon giwaye da ƙafa tare da mai gadi.

In da ni ne mai tsara maka, sai na ce ko me za ka yanke kada ka yanke Salaga. Yau ƙaramin gari ne mai ƙura, ba abin ɗaukar hoto sosai. Amma nan ce Gwanjar da muke ji a bakin tsofaffi, inda ayarin fatake daga Kano ke tafiyar watanni da jakuna su kai kanwa da tufafi da fata su ɗauko goro. Nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin ya koma Kete-Krachi. Nan kuma akwai kasuwar bayi da rijiyoyin da ake musu wanka kafin a sayar. Muna son zuwa Elmina mu yi tir da Turawa, ya kamata mu tsaya a Salaga ma mu tambayi kanmu su wa ke saye da sayarwa a nan.

Sai dai fa zango ba otal ɗin kyauta ba ne. Akwai masu tsara tafiya da nufin su sauka gidan wani ɗan uwan abokin kawunsu su yi sati biyu ana ciyar da su. Mutanen nan su ma fama suke, ɗakunansu a cushe. Ka kama ɗakinka mai sauƙi, ka kai ziyara da 'yar tsaraba, in an ce ka kwana ka kwana ɗaya ka yi godiya. Haka masu cewa za su riƙo kaya su sayar a hanya su mayar da kuɗin mota: dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi a kan haka. Kai baƙo ne mai yawo, ka tsaya a haka. In wani ya ce ka zo akwai aiki a wani kamfani amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ka kuma kawo mutum biyu, ka ɗauki jakarka.

Jakar ma kada ta wuce wadda za ka iya ɗorawa a cinya a cikin trotro, don kaya a but kuɗi ne daban. Kaya kala uku, takalmi mai daɗin tafiya, ƙaramar darduma, fawa-bank, maganin zazzaɓi, gidan sauro mara nauyi, kwafin fasfo a takarda da a waya. A bar Gana-mas-go a gida, sunan kaɗai tsokana ne, tun korar 1983 ta zamanin Shagari. Su ma dai sun kore mu a 1969.

Game da tafiya kai kaɗai, na san akwai masu cewa ba kyau, kuma malamai suna da maganarsu, musamman ga 'yan uwa mata, wanda wannan tsakaninsu ne da iyayensu ko mazajensu da malamansu. Abin da zan ce wa maza shi ne a nemi izinin iyaye da gaske, ba a kira su daga Seme ba. Ka ba mutum ɗaya a gida jerin garuruwan da ranakun, ka sayi layin waya a kowace ƙasa da fasfonka, duk dare ka tura sunan masaukin da kake.

Lokaci kuma a guji Disamba, Akra cika take da masu dawowa hutu daga Amurka da Ingila, kuɗin ɗaki sai ya haura. Mayu da Yuni ruwa ne a bakin teku. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi, ko Nuwamba, sai dai ka duba kalanda kada azumi ya riske ka a motar Kumasi zuwa Tamale.